Na'urar da ba ta suma sai a hannuna

Ku matso kusa, 'ya'yana na asibiti, masu farar riga da masu tsintsiya. Ku kife wayoyinku a cinya, ku ara mini kunne, zan mayar muku da abinku kafin azahar. Ga ta nan tafe, amma ba ta gizo ba ce, tawa ce, a kaina ta faru. Ni ce Tasalla ungozoma, wadda kuke kira Inna. Ban taɓa zama a aji ba. Ni na ba da baki, wani ya ba da hannu, aka zuba a takarda. In kun ga harafi ya karkace, na mai hannu ne. In kun ji ƙarya, ina nan da raina, ku zo ku tare ni.

Abubuwa da yawa sun zube daga kaina. Sai in jero sunayen jikoki kafin in faɗa kan wanda nake kira. Amma ranar da na'ura ta suma a kan fuskar Alhaji Kodineta, ita dai ta ƙi zubewa.

Bari in fara daga tushe, saboda waɗanda ba su san aikin ba. Ungozoma a da, aikinta yanke cibi, da wanke jariri, da tsaya wa mai jego a kan ruwan zafi. Da aka kira mu horo sai aka ƙara mana wani: mu riƙa bin masu ciki gida-gida muna kawo su awo, in naƙuda ta zo mu rako su asibiti. Sama da ni akwai malaman asibiti, sama da su akwai incaji, wato mai riƙe da asibitin, sama da shi kuma akwai kodineta, wanda ke zaune a Katsina, ba a ganinsa sai da dalili. Incajinmu na lokacin Malam Sule ne, mutumin kirki, sai dai bakinsa ya fi tunaninsa sauri.

A wata damina, wata ƙungiya ta kawo tsarin kati. Kowace mai ciki za a yi mata kati mai hoto, yadda ko a ɓangaren Safana ciwo ya kama ta, ko a na Batsari, da an duba an san ta, an san awonta. Aka kawo na'urori, irin wayar nan mai faɗi kamar allon makaranta. Matan da ke zuwa asibiti, malamai ke ɗaukarsu, kuma layi ne: zauna, kalle ni, tashi, wa ke biye? Matan da ba sa fita kuwa sai wadda za ta shiga ta same su, kuma ni ce mai shiga.

Ga yadda muke yi. Malam Sule ya goya ni a babur, mu sauka ƙofar gida. Ya zauna a zaure da maigida, ya rubuta sunan matar a na'ura, ya miƙo mini. In yi sallama in shige. Abu biyu aka koya mini, ɗigo kore da ɗigo ja. Kore shi ke ɗauka. In hoton bai yi ba, ja shi ke sakewa, kuma wanda ya zo ƙarshe shi ne ya zauna. In fito in miƙa, mu yi gaba, don mu dawo gida kafin la'asar ta yi sanyi. Kun dai san halin hanyoyinmu.

Da farko lafiya lau, har mata suka sa mata suna madubin Tasalla. Sai ta tsiro da wani hali. Da safe tana da kuzari kamar 'yar akuya. In muka shiga wasu gidaje sai ta fara nauyi, in danna ta yi kamar ba da ita nake ba. Bayanta ya ɗauki zafi kamar goshin mai zazzaɓi. Can sai fuskar da ke ciki ta daskare, sai duhu. In fito da ita zaure, Malam Sule ya danne mata gefe, ta farfaɗo kamar ba ita ba. A hannunsa ba ta suma. A hannun malamai ba ta suma. Sai a hannuna.

Ranar da abin ya zama abu, a garin Tsaskiya ne, gidan Malam Isiya, wanda ni na yanke wa cibi. Matarsa Hajara tana da cikin fari, uwarsa Gwaggo Mairo tana zaune bakin murhu tana kallonmu. Na ɗaga na'ura, na danna, sai fuskar yarinyar ta tsaya cik, ido ɗaya a rufe, baki a buɗe. Muna kallo, sai duhu ya haɗiye ta. Hajara ta dafe ciki ta fashe da kuka. Gwaggo Mairo ta saki muciya ta ɗauki salati.

Na fito da na'urar zaure. Yayyafi ake yi, maza sun fake cike da zauren. Malam Sule ya karɓi na'urar yana dariya ya ce, "Inna, kin sake kashe ta? Kai, wannan hannu naki, duk abin da ya taɓa sai ya suma!"

Wasa ya yi, Allah ya sani. Maza suka yi dariya suka manta. Amma akwai wata dillaliya da ke ratsa zauren da ƙullin atamfofi a ka, ita ba ta yi dariya ba, ba ta kuma manta ba. Kafin kasuwa ta ci ta watse, maganar ta kai Darini. A can, cewa aka yi incaji da bakinsa ya shaida hannun Tasalla ya juya. Akwai wata kalma da ake jingina wa tsofaffin mata irina. Ba wanda ya faɗa mini ita ido da ido, ni ma ba zan faɗe ta nan ba.

Sai na fara jin guɗar suna a gidajen da ba a kira ni haihuwa ba. Gidan da ni na wanke uwar jaririn, in ji an haihu har an yi kwana uku. In yi sallama, a amsa daga nesa, a ce matar gidan tana barci, alhali ina jin ƙarar turminta. Ku da ke da takardar makaranta, in an kore ku nan za ku kai ta wani wuri. Ungozoma ba ta da takarda sai hannunta. In mata suka ji tsoronsa, ta gama, ko tana numfashi.

Malam Sule ya ji kunya, ya canza mini na'ura, ya ba ni sabuwa dal daga kwali. Ta suma kafin azahar. Wannan ya ƙara wa maganar gishiri. Ni kuma na yi mata duk abin da na sani. Na yi mata fifita da faifai. Na naɗe ta a jiƙaƙƙen zane yadda ake wa yaro mai zafin jiki, Malam Sule ya gani ya kusa faɗuwa daga babur. Na wanke hannuna da ganyen magarya, na yi tofi, na shafa mata. Ba zan ɓoye muku ba, akwai ranar da na zauna gindin darbejiya na juya tafukana ina kallo, na ce, ku ne kuwa?

Da mata suka fara ƙin kati, sai aka turo wanda ya ƙera abin. Ba jikin na'urar ya ƙera ba, abin da ke cikinta, wanda suke kira manhaja, wato tarbiyyar da aka yi mata: in an taɓa nan ki yi kaza, in an taɓa can ki yi kaza. Sunansa Injiniya Haruna, dogon Bafillace mai gemu, magidanci da 'ya'yansa, iyayensa suna da ruga a wajen Yasore. Ya durƙusa ya gaishe ni har ƙasa, ya tambayi gida da jikoki da damina. Tunda sa'ar jikokina ne, na ce to na yi miji, na riƙa kiransa Angona.

Ya ɗaura wa na'urar waya ya haɗa da kwamfutarsa, ya wuni yana leƙen cikinta. Ya ɗauki maigadi hoto, ya ɗauki mai shayi, ya ɗauki masu facin taya, har jakin da ke kawo mana ruwa bai tsira ba. Na'ura ko tari ba ta yi ba. Ya ce, "Inna, na duba aikinki. Mace ɗaya hoto ɗaya, komai daidai. Sai dai in bi ki in gani da idona."

Na ce, "Bi ni, Angona, amma idon naka a zaure za ka bar shi."

Haka kuwa aka yi. Muka sami wani gida da har yanzu ake buɗe mini. Maigidan ya shimfiɗa tabarma ya ce, "Injiniya, iyakarka nan." Da ƙyar ya yarda su zagaya tare su tsaya bayan katanga, Injiniya ya riƙa ɗaga murya.

"Inna, kin danna?"

"Na danna."

"Tana lafiya?"

"Wa? Matar ko na'urar?"

"Na'urar, Inna!"

"Lafiyarta ƙalau."

Aka jima. "To me kuka tsaya yi? Ai hoto ɗaya ne."

"Abin da mata ke yi."

"Wane abu ke nan?"

Na ce, "Angona, mijinta yana tsaye kusa da kai."

Ban sake jin muryarsa ba sai da na fito da na'urar a sume. Ya karɓa, ya taɓa bayanta, ya janye hannu, ya dube ni. A idonsa na ga shi ma ya fara tunanin abin da mutanen Darini ke tunani, boko ne kawai ya riƙe masa baki. Ni kuwa ba ɓoye masa na yi ba. Bai taɓa zuwa raina cewa abin da muke yi a ciki ya shafi ciwon na'ura ba, kuma abin da mace ke yi a ɗakinta ba a shelarsa ta kan katanga.

Sai ga Alhaji Kodineta da kansa, a farar mota da ta sha taɓo har wuya. Mutum ne cikakke, ya cika kujera ya cika babbar riga, hularsa kuwa kamar da ma'auni aka ɗora ta. Aka jera kujeru a barandar asibiti, malamai suka tsaya a baya. Ya gaishe ni da girmamawa, sannan ya fara irin maganar da in ka ji ta ka san ana naɗe maka tabarma.

"Inna, kin yi wa al'umma hidima. Jiki kuma yana da haƙƙi. Mun ga ya kamata ki huta."

Na ce, "Ranka ya daɗe, in na huta yau, gobe za a ce hukuma ma ta tabbatar."

Ya gyara zama. Sai Injiniya ya ce, "Ranka ya daɗe, ni dai ban gano ciwon ba, kuma ba na son a sallami mutum a kan abin da ban gano ba. A bar ta ta yi sau ɗaya a gabanmu, daidai yadda take yi a cikin gida, kada ta rage komai."

Aka nemi wadda za ta zauna. Matan da suka zo awo suka ja gyale suka kalli bango. Malamai mata suka tuna suna da allura a ciki. Alhaji ya yi tsaki ya ce, "Camfi dai, camfi! Ni ba na tsoron wannan shirme. Inna, ɗauke ni."

An ce kada in rage komai, ban rage ba. Na koma bakin baranda na yi sallama, ya amsa. Na durƙusa gabansa, na dubi cikinsa, bakina ya riga ni na ce, "Sannu, ya nauyin jiki?" Malam Sule ya shaƙe, ya fita tari bayan mota. Na ɗaga na'ura na danna kore. Sannan na yi abin da nake yi kullum: na juya masa ita ya gani. Domin ba tarbiyya ba ce ka ɗauki fuskar mutum ka tafi da ita bai ga yadda ta fita ba.

Alhaji ya kalla, ya matso da kai. Ya ce, "A'a, hular ta karkace. Sake."

Na danna ja, na danna kore, na juya masa.

"Na rufe ido. Sake."

Na sake.

"Inna, daga ƙasa kike ɗauka, kin tara mini wuya. Miƙe tsaye."

Na miƙe. Wannan kuma rana ta haske masa goshi, aka juya kujera. Na gaba ya yi murmushi, ya ce ya yi kama da mai neman ƙuri'a. Na gaba ya ɗaure fuska, ya ce kamar an yi masa rasuwa. Ya sa tabarau. Ya cire tabarau. Ya aiki direba ya ɗauko wata hula a mota. Malam Sule ya dawo ya zama mai ba da shawara: "Ranka ya daɗe, ɗan karkato kafaɗa. Yawwa. A'a, ta farkon ta fi." Ni dai ja, kore, ja, kore, ina jin bayan na'urar yana ɗumi a tafina, ina jin ta tana nauyi, ina salati a zuci. Alhaji ya buɗe baki zai ce sake, sai fuskarsa ta daskare a haka, baki a hangame. Sai duhu.

Alhaji ya shafa fuskarsa, ya ce, "Innalillahi." Na ga ya sa yatsa a wuyan hannunsa a ɓoye yana neman bugun jini. Sai Injiniya ya daka tsalle ya ce, "Alhamdulillahi! Alhamdulillahi!"

Alhaji ya ce, "Kai Haruna, fuskata ta mutu kana hamdala?"

Bai ko ji shi ba. Ya durƙusa gabana. "Inna, don Allah, a cikin gida ma haka ake sakewa?"

Na ce, "Haka? Wannan ai somin-taɓi ne. Alhaji hula biyu gare shi. Mace kuwa akwati gare ta. Za ta canza ɗankwali, ta sa kwalli, ta ce ya yi yawa ta goge, ta aika maƙwabta aron 'yan kunne. Mai 'yan kunnen ta biyo abinta, ta ce ita ma a ɗauke ta ta gani, ko da ba ta da ciki. In ɗauke ta, ta gani, in danna ja. Wasu tun hoton aure ba a sake ɗaukarsu ba, in ce musu me? Tashi, wa ke biye?"

Ya dafe kai ya zauna a ƙasa da wandonsa mai guga. Ya ce, "Ni da na gwada ta, a kan abokan aikina na gwada. Ba wanda na taɓa juya wa ya gani."

Alhaji ya ce a yi masa bayani da Hausa. Injiniya ya ce zai yi da shanu, don su ya fara sani kafin boko. Ya ce a cikin na'urar akwai wani ɗan garke, inda take tsayar da abin da take aiki da shi a lokacin, kuma garken ba shi da faɗi. A ciki ya kafa turke ɗaya, ya sa masa suna hoto. In an danna kore, sabon hoto ya shigo a ɗaure shi a turken. In an danna ja aka sake, sai a kwance igiya daga wuyan tsohon a ɗaura wa sabon. Turke ɗaya, igiya ɗaya, saniya ce kawai ke canzawa.

Na ce, "To tsohuwar fa, ina take zuwa?"

Ya ce, "Akwai mai zagaye a ciki, aikinsa ke nan. Lokaci-lokaci ya bi garke, duk wadda ya gani ba igiya a wuyanta, ya san ba mai ita, ya kora ta waje a sami wuri. Ba ya tambaya, ba ya duba kyau ko muni, igiya kawai yake dubawa."

"To ya yi barci ke nan."

"Bai yi barci ba, Inna. Ni ne. Da ina ƙera abin, na ce wata rana wani zai ce a koma masa hoton baya. Sai na sa duk wadda aka kwance daga turke, a ɗaura mata wata 'yar igiya a jikin shinge, a ajiye. Daga baya na fasa wannan tsari, na cire wurin dannawarsa, amma na manta ban daina ɗaurin ba. Mai zagaye ya zo, ya ga igiya, ya ce wannan da mai ita, ya wuce. Ke kina ganin hoto ɗaya, ni ina ganin hoto ɗaya, su kuwa suna nan jingim a jikin shinge, ba mai amfani da su, ba mai iya korarsu. Garke ya cika, sabuwa ta rasa inda za ta sa ƙafa, sai suma. In Malam Sule ya kashe ya kunna, garken ya watse gaba ɗaya, a fara daga fari. Mu a sana'armu yoyo muke ce masa, don wurin ne ke tsiyayewa kaɗan-kaɗan ba a gani."

Na ce, "Angona, wato haihuwa ka yi ta yi ba ka yanke cibi."

Ya ce, "Ko kusa ban musa ba, Inna."

Ya buɗe kwamfuta. Abin da ya goge bai kai tsawon ɗan yatsana ba. Na ce, wannan ɗan abin ne ya hana ni shiga gidaje? Ya ce shi ne. Na so in yi kuka, sai na ga ba girmana ba ne a gaban malamai.

To, an gyara na'ura, amma ba a ɗaura wa suna waya a gyara shi. Na ce wa Alhaji, a Tsaskiya aka ɓata ni, a zaure, gaban maza. Can za a wanke ni. Ya so ya ce yana da taro, sai ya tuna katunan da mata suka ƙi. Muka ɗunguma har ƙofar Malam Isiya.

Gwaggo Mairo ta fito zaure da kanta, tunda shekarunta sun wuce kulle. Ba ta dube ni ba. Malam Sule ya fara ba da haƙuri, ta ce, "Kai yi shiru, bakinka ya yi aikinsa." Injiniya ya sake kora shanunsa tun daga turke har shinge. Wani dattijon Bafillace da ya zo sayar da bijimi yana gefe yana saurare, ya ce, "Kai ɗan wane ne a Yasore?" Ya faɗa masa. Dattijon ya girgiza kai ya ce, "Ɗan makiyayi, ka bar igiya a wuyan dabba ka tafi birni? Allah ya sa babanka bai ji ba."

Gwaggo Mairo ta ce ita ba ta ga shanu a cikin gilashi ba. Ta nuna Alhaji da haɓa. "Wanga shi ne abin ya mutu a fuskarshi?"

Aka ce shi ne.

"Tashi in gani."

Alhaji Kodineta, wanda incaji-incaji ke miƙewa in ya shigo, ya miƙe.

"Taka zuwa ƙofa ka dawo. Mi ka ci tun da abin ya faru?"

Ya ce bai ci komai ba. Ta ce to ba a sani ba tukuna. Ta sa aka damo fura cikin babbar ƙwarya, ta tsaya a kansa har ya ga gindinta. Da ya yi gyatsa ta ce, "To, wanga dai da sauran kwanansa." Sannan ta juyo gare ni, karo na farko. "Tasalla, shigo. Ni za ki ɗauka. In ta mutu a kaina, na riga na ci zamanina."

Muka shiga. 'Ya'yana, na ɗauki amare, na ɗauki 'yan gayu, ban taɓa ganin mai sakewa irin Gwaggo Mairo ba. Ta fito da zannuwan da tun aurenta suke ƙasan adaka. Ta sa murjani, ta cire, ta mayar. Ta ce a ɗauke ta gefen da haƙora suka rage. Hajara tana leƙe daga labule, da farko da tsoro, daga baya da dariya, daga baya ta fito tana gyara wa surukarta ɗauri. Babban yatsana ya ƙage, na koma manuni. Na'ura kuwa sanyi ƙalau, kamar randa. Daga zaure Malam Sule yana kiran hanya, hanya, rana na tafiya. Sai Hajara ta ce a hankali, "Gwaggo, in kin gama, ni ma ban yi nawa ba."

Abin da na koya ke nan a wannan aiki, ku riƙe. Mai ƙera abu yana ƙera shi ne daidai mutanen da yake gani, mu kuwa aikinmu yana bayan katangar da ba ya gani. In abu ya ƙi a hannun mai shiga, ku tambaye ta yadda ake yi a ciki kafin ku tambayi hannunta. Kuma kada wani ya ce muku son fita da kyau halin mata ne. Na gwada a kan kodineta.

Ga yadda kowa ya ƙare. Malam Sule an mayar da shi wani asibiti a ɓangaren Batsari, an ce yanzu kafin ya yi wasa sai ya waiga ya ga wa ke ratsa zaure. Alhaji ya ba da umarni a taƙaita sakewa, Injiniya ya ce to, ya tafi bai taƙaita ba. Shi Alhajin ya yi ritaya, kuma har ya bar aiki bai sake yarda na ɗauke shi ba. Angona yana Katsina, an ce duk abin da ya ƙera yanzu sai ya kai wa matarsa da ƙannenta sun wuni suna dannawa kafin ya sake shi. Dillaliyar nan ta zo da kanta da ɗiyarta ta sami ciki, ta ce ita dama ba ta taɓa yarda da maganar ba. Gwaggo Mairo ta rasu bara, Allah ya jiƙanta. Hoton da aka nuna wa 'yan gaisuwa, na mai murjanin ne.

Hajara kuwa, ana cikin yankan gero, da hantsi, sai ga Malam Isiya a babur ko tsayawa bai gama yi ba yana cewa, "Inna, taso, Gwaggo ta ce ke, ba wata ba." Muka kai ta asibiti, ta sauka lafiya, ɗiya mace. Malamar asibiti ta naɗe jaririyar ta juyo tana neman wa za ta miƙa wa, ɗaki cike da dangi. Gwaggo Mairo ta ture hannun kowa ta ce, "Ba wa Tasalla."

Na karɓa. Jaririyar ta buɗe baki ta tsala kuka, har masu awo a baranda suka ji.